Ka Bar Mani Kili

Rawayau,
ranar Juma'a bayan La'asar.

Zuwa ga Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka zaune lafiya a cikin mota, ba a matse ka da buhunan albasa ba, direban kuma mai tsoron Allah ne, ba irin masu tsere da iska ba. Allah Ya kai ka Mubi lafiya, Ya sa ka shiga aikin nan na asibitin dabbobi da ƙafar dama, Ya haɗa ka da shugabanni masu sauƙin kai da maƙwabta na kirki.

Na san za ka yi mamakin tsintar takarda a ƙarƙashin ƙullin ƙuli-ƙulin da uwarka ta cusa maka a jaka, alhali gida ɗaya muka kwana. To, ka dai san halin. Kai ɗan fari ne, ga sunan mahaifina a kanka, shekara ashirin da shida ina yi maka magana ina kallon bango. In na ce zan zaunar da kai in faɗi abin da ke raina, ƙarshenta tambayarka zan yi ko an ba awaki ruwa. Shi ya sa na nemo biro.

Maganar dokinka Kili ce. Ka ce ranar Laraba Kawunka Jauro zai zo daga Dabawa ya tafi da dokin. Da na tambayi dalili, ka sunkuyar da kai ka ce wai can ya fi fili. Haba Abba, fili? Daga bayan gidanmu har rafi mene ne, kasuwa ce? Na gane sarai, ba ka yarda ka bar shi a hannuna ba ne, ladabi ya hana ka faɗa. To ni roƙonka nake ka bar mani shi. Amma kafin ka yanke hukunci, bari in jera maka laifuffukana da bakina, don kada uwarka ta riga ni. Ita in ta tashi ba da labarina gishirin ya kan yi yawa.

Na fara da Duna. Ba ka san shi ba, jakina ne tun ina saurayi, lokacin da nake ɗebo yashi daga rafi ina kai wa magina a Kurfi. Sawu shida muke yi a yini, wani lokaci bakwai. Akumarin da nake shimfiɗa mashi tsohon buhu ne da ya ƙeƙashe, ya ci mashi baya har ya yi miki. Maganin da na sani ɗaya ne, baƙin man inji da toka. In shafa, in mai da akumari, in aza mangala, mu kama hanya. Abin da ya fi muni, na gano cewa in na zungure shi daidai gefen mikin ya fi sauri, sai na riƙa jin kaina wani gwanin korar jaki. Har koya wa wasu nake yi, Allah Ya yafe mani.

Ran nan na ci ado zan je zance wurin uwarka a rugarsu. Na aro farar riga, na sha turare, na haye Duna. Tun a hanya yake ɗingishi yana tsayawa, ni ko ina zuba mashi tsumagiya ina ce mashi munafuki. Muna isa bakin ruga, daidai inda shanu suka kwana suka dama wurin, ga kakanka zaune da mutanenshi a inuwa, ga 'yan mata suna leƙe ta bayan bukka, sai Duna ya tsaya cak. Ya sunkuyar da kai, ya durƙusa a hankali, ni kuma na zame ta wuyanshi na sauka da fuska. Rigar aro fa, Abba!

Kowa ya fashe da dariya ban da kakanka. Ya taso, ko kallona bai yi ba, ya ɗaga akumarin. Ƙudaje suka tashi buu. Ya daɗe yana duban bayan jakin nan, sannan ya ce, "Samari, wurin wa ka zo?"

Na faɗa mashi, ina share kashin shanu daga gira.

Ya ce, "To koma gida. Ran da bayan jakin nan ya warke, gashi ya tsiro, ka zo da shi in gani, sai mu yi maganar ɗiyata. Ba zan ba da mutum ga wanda bai iya riƙon jaki ba."

Wata huɗu! Wata huɗu ina wanke bayan jaki da ruwan gishiri mai ɗumi safe da yamma, ina kore mashi ƙuda da mafici. Ni ke ɗauko yashi a ka, shi yana inuwa yana cin harawa yana kallona. Kowace safiya sai na duƙa na leƙa ko gashi ya fara fitowa, har aka fara cewa a gari na koma yin duba a bayan jaki. Tun lokacin Kawunka Jauro yake kirana Angon Duna, har yau da furfurarmu bai bari ba. Amma in gaya maka gaskiya, ba tausayi ne ya sa na yi jinyar nan ba, aure nake so. Ana ɗaura aure na koma halina, zungurar miki kawai na daina.

Ga abin da zan ce maka a nan. In aka kawo maka dabba aka ce taurin kai gare ta, kafin ka gama sauraron mai ita, ɗaga abin da ke bayanta ka duba. Duba baki, duba kofato, duba inda igiya ke kwanciya. Duk shekarun da na yi da jakai, in na zauna yanzu na tuna, ban ga wanda ya ƙi tafiya don iskanci ba. Ko ciwo, ko ƙishirwa, ko kayan sun fi ƙarfinshi. Na san an koya maka wannan a makaranta da Turanci, ni a bakin rugar kakanka aka koya mani.

Sai karen nan, Baƙi. Kana goye lokacin. An sace mani akuya biyu, na rantse sai na yi karen da ko sunanshi ɓarawo ya ji zai canza hanya. Na samo ɗan kwikwiyo, masana suka taru a kaina. Wannan ya ce a yanke kunnuwan, aka yanke. Wancan ya ce kada in bari ya ƙoshi, in ya ƙoshi barci zai yi, na riƙa jefa mashi ƙanzo sau ɗaya a yini. Wani ya ce a ɗaure shi a rana da gajeriyar sarƙa kada ya saba da mutane, na ɗaure. Sai wani tsohon maharbi ya ja ni gefe ya ce in ina son ya yi zafi na gaske, in samo rina in daka in zuba mashi a tuwo. Ni kuma da hankalina na ɗauki gwangwani na hau tsamiyar bayan gida neman rina. Ba sai na ja maka labari ba. Kwana uku idona ɗaya a rufe, leɓena ya sauko har haɓa. Uwarka in ta kawo mani kunu sai ta juya baya kafaɗunta suna rawa, wai tari ke damunta.

Kare kam ya yi zafi, amma a kaina ni kaɗai. In na shigo gida ya yi ta haushi har da kumfa, in baƙo ne ya kwanta yana kaɗa wutsiya ko a jefa mashi wani abu. Wata Juma'a duk maza mun tafi masallaci, ɓarayin awaki suka shigo ta baya da rana tsaka. Uwarka ta hango su ta taga tana ta ihu, ba kowa a unguwa sai mata da tsofaffi. Ta ce ɗayansu ya jefa wa Baƙi ƙosai biyu, ya kwance mashi sarƙa. Suka kora awaki uku, Baƙi na gaba yana tsalle, shi ke nuna masu hanya. Har yau bai dawo ba, kuma da na girma na daina ganin laifinshi.

Yunwa da duka ba su sa dabba ta zama taka, Abba. Tsoronka kawai take ji, ran da ta samu hanya ta tafi. Kuma in aka kawo maka kare ko kyanwa da aka wahalar, kada ka yi saurin kai hannu wai kai mai tausayi. Ita ba ta san zuciyarka ba, abin da hannu ya yi mata ta sani. Ajiye abinci, ja da baya, kau da ido, gobe ka dawo daidai wannan lokacin. A wurin uwarka na ga haka, da kyanwar nan da wani mara imani ya watsa wa ruwan zafi ta shige ƙarƙashin gadonta. Wata biyu ba ta ce mata ci kanki ba, sai ɗan kaskon nono a bakin gado, har ta fito da kanta. Ni ne sarkin gaggawa, tun kwana na uku na ce a jawo ta a ga ciwon, na zura kai ƙarƙashin gado. Tabon nan da ke kan hancina ba faɗuwa a babur ba ne kamar yadda nake faɗa wa mutane.

Yanzu Kili.

Ranar da ka jawo shi da ƙafa daga kasuwar Dutsin-Ma, bara da kaka, tun daga zaure nake ƙirga haƙarƙarinshi. Ka ce na samarin nan ne masu hayar doki suna sukuwa a kan kwalta ranar biki, sun gama da shi, ana shirin loda shi a motar masu kai wa mahauta. Ka buɗe mani bakinshi na ga yadda linzami ya kusa raba harshen biyu. Ka nuna mani cikinshi inda ƙaimi ya huhhuda, da tabon wuta a ƙafafu. Na ce, "Allah Sarki," amma a zuciyata tunanin harawar da zai cinye mani nake yi.

Na ga yadda ka yi da shi. Ka yar da linzamin, ka tufka mashi ragama mai laushi. Kana jiƙa mashi dusa da 'yar kanwa saboda harshen, kana ba shi kaɗan-kaɗan sau biyar a yini kada cikin ya ɗaure, kana yi mashi magana ƙasa-ƙasa. Kafin damina ya murmure, gashi ya kwanta, yana bin ka duk inda ka yi kamar ɗan akuya. Uwarka har ɓawon kankana yake ci a hannunta. Amma ni? Da na doso barga sai ya kwantar da kunnuwa, ya zaro ido, ya miƙe da ƙafa biyu yana neman tsinke igiya.

Abin ya ci mani rai ƙwarai. Ni ne mai gidan, ni na noma harawar, amma a ce ni kaɗai doki ya tsana? Sai na shiga bincike. Ka san ni ba na rabuwa da dogon carbin nan mai dubu da aka kawo mani tsaraba daga Makka, ina tafe ina ja ina kaɗa shi. Na lura duk sanda na zo ina tasbihi, haukan ya fi tashi. Nan take na ce na gano bakin zaren: dokin nan aljani ne a kanshi, kuma kafirin aljani, ba ya son ambaton Allah. To in ka hau babur ka tafi Kurfi wurin aikin sa-kai da kake yi, sai in zagaya barga in ɗaga carbin sama ina kaɗa mashi a fuska ina karatu da ƙarfi. Shi yana haniniya yana harbin danga, ni ina cewa, "Ka ji zafi ko? Fita! Yau ka gamu da Lawal!" Har rubutu na karɓo na zuba mashi a ruwan sha. Ya shanye tas, washegari ya nemi gantsara mani cizo a kafaɗa.

Sai ga tafiyarka ganawar neman aikin nan, kwana huɗu. Magana ɗaya ka bar mani: "Baba, a ba shi ruwa da harawa kawai, don Allah kada a yi mashi komai." Kwana na biyu na ga gwiwarshi ta gaba ta ɗan kumbura. Yanzu na san garin harbin dangar nan ya buge, wato ni na jawo. A lokacin kuwa cewa na yi, yauwa, ga ranar da zan nuna wa yaron nan cewa tun kafin a gina makaranta ake kiwon doki. Na taka da kaina wurin Ɗanjuma maƙeri na ce ya zo ya yi mashi lalas, a gasa ƙarfe ya yi ja a ɗora kan kumburin, yadda muka ga iyayenmu suna yi.

Uwarka ta ce, "Malam, yaron nan fa cewa ya yi kada a taɓa."

Na ce, "Hajiya, ni na haife shi ko shi ya haife ni?"

Ta ce, "To Allah Ya ba da sa'a. Bari in kwashe tukwanena daga tsakar gida."

Ta kwashe su kuwa, har da turmi da taɓarya.

Ɗanjuma ya iso da gawayi da zuga-zugi da wasu majiya ƙarfi biyu. Aka hura wuta a bakin barga. Ko ƙarfen ba a sa ba, warin gawayin kawai Kili ya ji, jikinshi ya ɗauki ɓari, fitsari ya zubo mashi. Wallahi na gani, Abba, da idona na ga fitsarin nan, kuma na ce wa mutane aljanin ne ya ji wuta. Na naɗe igiya a hannu na ce su matso. Ɗanjuma na zaro jan ƙarfe, dokin nan ya yi wani irin kuka da ban taɓa jin doki ya yi ba, ya tumɓuke turken ɗungurungum. Majiya ƙarfin nan, ɗaya ya haye rumbu, ɗaya har yau ban san ta inda ya bi ba, takalminshi dai yana nan. Ɗanjuma ya yar da ƙarfe ya faɗa akurkin kaji. Ni ko ga igiya a hannu, ga babbar riga ta sarƙe da turke, Kili ya ja ni ta cikin danga, ya bi da ni ta gonar kuɓewar uwarka, ya sauke ni a ramin da muke kwaɓa ƙasar gini, cike da ruwan sama. Mata suna ta salati, ina jin muryar uwarka a sama da ta kowa tana cewa, "Ku bi dokin! Ku bi dokin! Malam zai fito da kanshi!"

Sai da yamma aka same shi a bakin rafi. Itacen danga ya yage mashi ƙirji, gwiwar ta ninka kumburi. Wahalarka ta wata tara na rushe a cikin minti biyar. Ka dawo, ka wanke ciwon, ka ɗinke, ka yi mashi allura, ba ka ce mani uffan ba. Da faɗa ka yi mani da ya fi mani sauƙi. Sai bayan kwana biyu ka zo kana kallon ƙasa ka ce in ka tashi tafiya Kawu zai zo ya tafi da shi.

A can Mubi za ka gamu da irina da yawa, har ka gaji. Za su zo maka da jaki an tsaga mashi hanci, da saniya an ƙona ta da ƙarfe, su dube ka su ce haka kakanninsu suka yi tun ba a haifi ubanka ba. Yawancinsu ba mugaye ba ne, abin da suka tarar ke nan, kuma suna ganin taimako suke yi. Kada ka kunyata irin wannan a gaban jama'a. In ka kunyata shi, gida zai koma ya huce a kan dabbar, kuma ba zai sake kawo maka ita ba. Ja shi gefe, kama hannunshi ka ɗora kusa da ciwon, ya ji zafin wurin da kanshi. Amma akwai wani iri daban, wanda in yana dukan dabba za ka ga yana jin daɗi. Wannan kada ka yi mashi murmushi, kada ka mai da mashi dabbar ka yi shiru, kai maganarshi wurin mai gari. Kuma kai ma kada ka riƙa yin shiru irin wanda ka yi mani. Mutum irina sai an faɗa mashi.

Ni uwarka ce ta faɗa mani. Ina kwance a tabarma ina jinyar ƙugu, ina jan carbi, ina cewa ni dai har yanzu ban gane kan aljanin nan ba. Sai ta fizge carbin daga hannuna, ta miƙe tsaye, ta ce, "Malam, rufe idonka ka saurara."

Na rufe. Ta kaɗa shi a iska, fiuu.

Ta ce, "Mene ne wannan?"

Na ce ta sake. Ta sake. Abba, bulala ce. Sak ƙarar bulala, ba bambanci ko kaɗan.

Ta ce, "Wata tara kana bin bawan Allah da bulala, kana kuma ce mashi kafiri."

Ban iya cin tuwo ba ranar.

Abin da ba ka sani ba shi ne, tun da ƙuguna ya saki, kullum in ka hau babur ka tafi Kurfi, sai in sa carbin a aljihu, in tuɓe babbar riga, in kife tsohon turmi can nesa da barga, in zauna in ba shi gefe, hannuwana a buɗe bisa gwiwa. Yadda na ga kana yi a farkon zuwanshi. Ba na kallonshi, ba na magana. Kai ka san ni da surutu, wallahi wannan shirun ya fi mani ramin laka wuya. Tasbihi da yatsu nake yi yanzu, a hankali. Masu wucewa suna leƙowa ta inda danga ta faɗi suna ganin dattijo a kan turmi da 'yar shara yana kallon rumbu. Ɗanjuma ya baza a gari wai aljanin ya bar doki ya dawo kaina. Liman da kanshi ya zo ya tsaya daga nesa ya ce, "Malam Lawal, lafiya dai ko?" Na kasa amsa mashi da ƙarfi kada dokin ya firgita, sai na ɗaga mashi gira. Ya tafi yana girgiza kai.

Kwana biyar Kili yana can ƙarshen igiya yana hura hanci. Kowace rana ina matso da turmin taki ɗaya. Ran na tara ya ci harawa ina wurin. Ran na sha huɗu atishawa ta kufce mani, ya yi tsalle ya koma ƙarshen igiya, ni ma na mai da turmi baya taki uku muka sake lale. Shekaranjiya, kwana na ashirin da uku, ina zaune har gyangyaɗi ya fara ɗibata, sai na ji numfashi mai ɗumi a ƙeyata. Ban motsa ba. Ƙuda ya sauka mani a hanci ban kore shi ba. Ya shinshina wuyana, ya shinshina kunnena, sannan ya cire mani hula, zannata ta Sallah, ya tsaya a kaina yana taunarta a natse. Ina ji ina gani, hawaye na zuba, ban san ko na hular ba ne ko na murna. Uwarka shaida ce, tana bakin madafa ta toshe baki da zane. Ragowar hular ma na ajiye in kana son hujja.

Ban ce na iya ba. Har yanzu bai yarda in taɓa ƙafar ba, kuma Kawunka ya fi ni sanin dabba nesa ba kusa ba, ko da yake kada ka gaya mashi na faɗa. Abin da zan iya yi maka alkawari shi ne, ba wuta, ba linzami, ba mai hawanshi, ko ɗan wa ke aure a garin nan ba zan ba da aronshi ba. In na ga kumburi ko ya ƙi cin abinci, waya zan ɗauka in tambaye ka, abin da ka ce shi za a yi. Ɗanjuma kuwa ko gayyatarshi na yi ba zai zo ba.

Saura abu ɗaya, kuma shi ne ainihin abin da ya hana ni sukuni.

Jiya da safe ka fito daga barga da ɗan ganyen harawa a gashin kanka. Na ɗaga hannu zan cire maka. Abba, ka kauce. Ka runtse ido, ka ɗaga kafaɗa ka kare kunne, kai da gemunka da takardar shaidarka. Sannan ka yi 'yar dariya ka ce ƙuda ne. Ba ƙuda ba ne. Na yi makonni ina zaune a kan turmi ina ganin irin wannan kaucewar ta wutsiyar ido, na san ta. Kuma kai ba samarin biki ne suka koya maka ita ba, ni ne. Igiyar guga, da dorinar da ke rataye bayan ƙofa. Ran da tunkiya ta ɓace maka a kiwo, ran da ka zubar da fura, da ran da ba ka yi komai ba, ni ne na dawo daga kasuwa da ɓacin rai. Ina cewa tarbiyya nake ba ka. Sai jiya na gane inda ka koyi yi wa dabba magana ƙasa-ƙasa, na kuma gane abin da ka gani a jikin dokin nan har ka kasa barinshi a kasuwa.

Ka yafe mani, Abba. Don Allah ka yafe mani. Ban taɓa faɗa wa ɗan da na haifa wannan magana ba, ka ga ma rubutun ya karkace.

In ka ce Kawu, ba zan yi musu ba, ka fi ni gaskiya. Ni zan ja shi da ƙafata har Dabawa, kada a sa shi a mota, tsoronta yake ji. In kuma ka ga za ka iya bar mani shi, to ka kira kafin Laraba. Wayata za ka kira, ba ta uwarka ba. Ba sai ka yi doguwar magana ba, ko "Baba, a bar shi" ka ce ya ishe ni.

Allah Ya tsare mani kai a hanya da masauki, Ya kare ka daga mugun mutum da mugun ciwo, da harbin doki da ƙahon sa. Allah Ya sa wa hannunka albarka, duk abin da ka taɓa ya samu sauƙi. Ka riƙe salla, ka riƙa cin abinci a kan lokaci. Allah Ya maido mana kai lafiya, Ya sa mu gana da alheri.

Wayar tana aljihun gaban rigata, na cika ta da caji.

Mahaifinka,
Malam Lawal